Wasiƙa a kan Ben Ainslie da tserensa na Sidni

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne don in amsa tambayarka game da Ben Ainslie, Baturen Ingilan nan da ya shahara a tseren ƙananan kwale-kwale masu tafiya da iska, waɗanda mutum ɗaya ke tuƙawa ba inji ba matuƙi na biyu.

An haife shi a 1977, ya kuma koyi tuƙi tun yana yaro a gaɓar tekun Cornwall. Yana da shekara 19 ya je gasar Olamfik ta 1996 a Amurka a kan kwale-kwale samfurin Laser, inda Robert Scheidt na Barazil ya kayar da shi, ya koma gida da lambar azurfa. Abin da na fi so ka lura da shi ya faru ne bayan shekara huɗu a gasar Olamfik ta birnin Sidni na Ostareliya. A wannan wasa ana yin tsere da yawa a tara maki, kuma an yarda kowa ya zubar da sakamakonsa biyu mafi muni. Da aka zo tseren ƙarshe Scheidt ne a gaba, sai Ainslie ya yi lissafi ya ga cewa shi yana da damar zubar da wannan tsere, amma abokin hamayyarsa ba shi da ita. Saboda haka bai nemi zuwa na ɗaya ba. Ya manne wa Scheidt tun daga farko, yana shiga tsakaninsa da iska har ƙyallen jirgin Scheidt ya kasa cika, ya ja shi can ƙarshen ayari. Zinare ya zama na Ainslie, mutanen Barazil kuwa suka fusata ƙwarai. Na san kai za ka ce wannan mugunta ce, amma ni a ganina bai taka doka ba, ya dai fi kowa karanta ta.

Daga nan ya koma samfurin Finn, wanda ya fi girma kuma yake bukatar mai jiki, har sai da ya ƙara nauyi da gangan domin ya iya danne jirgin idan iska ta yi ƙarfi. Da shi ya ci zinare a 2004 da 2008, sannan a 2012 a ruwan Weymouth, gaban mutanensa, bayan Jonas Høgh-Christensen na Denmak ya sha gabansa a tseren farko-farko. Da zinare huɗu da azurfa ɗaya ya zarce Paul Elvstrøm, shi ma ɗan Denmak, wanda ya ci huɗu a jere daga 1948 zuwa 1960.

Ba na ɓoye maka cewa yana da zafin rai. A gasar duniya ta 2011 a Perth, ya faɗa ruwa ya haye jirgin masu ɗaukar hoto ya yi musu faɗa saboda igiyar ruwansu ta dame shi, aka hukunta shi da soke masa tsere biyu. A 2013 aka ba shi sarautar Sir, kuma a shekarar ce ya shiga babban jirgin Oracle a matsayin mai tsara dabara, suka farfaɗo bayan ana cin su 8 da 1 suka lashe Kofin Amurka, wato gasar tseren manyan jiragen ruwa masu tafiya da iska, da 9 da 8.

Idan ka samu hoton bidiyon tseren Sidni, ka kalla ka rubuto mini hukuncinka. A gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka