Waliyyi mai tsintsiya

Malam Aminu mutumina,

Ya kake, ya sanyin can? Mu nan hunturu ya shigo, Samaru duk ƙura.

Wani abu ne ya sa na tuno ka. Jiya na kai gyaran waya Sabon Gari, a shagon wata mata 'yar Katolika sai na ga ɗan mutum-mutumin katako a kan kanta, baƙin mutum da doguwar riga yana riƙe da tsintsiya, a gindinsa kare da kyanwa da ɓera suna ci kwano ɗaya. Ka san ni da tambaya, na ce Madam wannan fa? Ta ce ai Martin de Porres ne, waliyyinsu ɗan Lima ta ƙasar Peru, uwarsa baƙar fata ce da aka 'yanta daga bauta, shara da jinyar marasa lafiya ya yi ta yi har ya rasu a 1639, kuma sai 1962 coci ta sa shi cikin waliyyai. Na ce to bauta masa kuke yi? Ta yi dariya ta ce a'a, roƙonsa suke ya taya su addu'a.

Ni abin da ya tsaya min a rai tsintsiyar ce wallahi, irin tamu ce ta kaba ba irin ta Turawa mai sanda ba, wato wanda ya sassaƙa shi bai tsaya tambayar da me ake shara a Peru ba, irin wadda shi masassaƙin ya gani a ɗakin uwarsa kawai ya ba shi. Sai na tuna abin da muka karanta a aji biyu kan Oye-Ekiti, inda Fada Kevin Carroll ya tara masassaƙan Yarbawa daga 1947, suka riƙa fito da Maryamu da goyo a baya kamar wata matar Ekiti, masu hikimar nan uku da Kirista ke cewa sun ziyarci Annabi Isa yana jariri kuma da kambun sarakunan Yarbawa. Masassaƙi Lamidi Fakeye da ya yi aiki da Fadan ma Musulmi ne fa!

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne, dubi hoton Shehu Inyass a bayan Keke Napep.

Na so in ɗauko maka hoto, to wayar ce a hannun mai gyara. Sai na koma ranar Asabar. Ka gaida madam da yara.

Naka,
Sani