Katangar Amurka da Binciken da Ba Ya Buƙatar Takardar Kotu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka tayar da batun iyakar Amurka da Meziko, hankali yakan koma kan katanga, musamman shingen kusan mil 700 da dokar shekarar 2006 ta amince a gina. Abin da ya fi damuna shi ne ikon da dokar shige da fice ta 1952 ta bai wa jami'an tsaron iyaka na tsayar da motoci ba tare da sammacin kotu ba, wanda ƙa'idar 1953 ta shimfiɗa har mil 100 daga kowace iyaka, har da gaɓar teku. Kusan kashi biyu bisa uku na al'ummar ƙasar suna zaune cikin wannan yanki, ciki har da mazauna New York da Los Angeles. A 1976 Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta shingayen bincike na dindindin, ko da ba a zargin direba da komai.

A ganina wannan ya saɓa wa ruhin Gyara na Huɗu na tsarin mulkinsu, wanda ya haramta wa hukuma bincike da kame ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma baƙi da masu launin fata daban ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Ina roƙon jaridarku ta riƙa kawo wannan ɓangare cikin rahotanninta.

Naku,
Wani mai karatu