A Saka Kasuwancin 'Yan Arewa Mazauna Legas Cikin Lissafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in jawo hankalin 'yan'uwana 'yan kasuwa mazauna Legas, musamman shugabanninmu na kasuwannin Mile 12 da Agege da Alaba Rago, game da yadda bankuna da kamfanoni da hukumomi suke cin moriyar tarin bayanai, alhali mu da muke ciyar da wannan birni ba mu da rubutattun alƙaluman kasuwancinmu.

Duk lokacin da mutum ya tura kuɗi ta waya, ko ya biya kuɗin mota da kati, ko ya sayi data, akwai kwamfutar da take rubuta lokacin da wurin da adadin kuɗin. Rubutu ɗaya ba ya faɗin komai, amma idan miliyoyinsu suka taru aka sa kwamfuta ta tace su, sai su bayyana inda jama'a suke, da abin da suke saye, da lokacin da suke buƙatarsa, har da inda ake satar dukiya.

Gwamnati ta riga ta ga amfanin wannan. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN ta tantance masu asusun banki a shekarar 2014, kuma a farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi fiye da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi, bayan an gwama sunayen da ke takardar albashi da bayanan asusun banki. A nan Legas, katin Cowry da ake shiga motocin BRT da jirgin ƙasa da shi yana ba hukumar sufuri ta LAMATA hanyar sanin tashar da ta fi cunkoso da sa'ar da cunkoson yake faruwa, ba tare da ta aika kowa ya tsaya yana ƙirga fasinjoji ba. Tun da rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, irin waɗannan bayanai da rajistar mazauna jihar ta LASRRA suna cikin abubuwan da mahukunta za su duba kafin su yanke shawarar inda za a kai asibiti ko makaranta ko hanya. Unguwar da mutanenta suka ƙi yin rajista za ta bayyana a takarda kamar ba kowa a cikinta, ko da kuwa babu masaka tsinke a titunanta.

Ta fuskar kasuwanci ma haka abin yake. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya tilasta wa da yawa daga cikinmu karɓar taransfa da ajiye na'urar POS, kuma yanzu akwai kamfanonin hada-hadar kuɗi da suke ba ɗan kasuwa rancen jari bisa la'akari da cinikin da ya bi ta asusunsa, ba sai ya kawo takardar gida jingina ba. Wanda yake juya miliyoyi amma duk a aljihun babbar riga, a idon banki bai taɓa sayar da ko albasa ɗaya ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne kasuwar kayan gwari. Tumatir yana tasowa daga Kadawa ko Danja ko Jos, ya yi tafiyar da kan kai kilomita 1,000 a cikin kwanduna, sannan direba ya iso Mile 12 da asuba ya tarar wasu motocin sun riga shi, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, kafin azahar kuma rabin kayan ya fara ruwa. Bayan 'yan kwanaki sai a nemi kaya a rasa, kwando ya yi tashin gwauron zabo. Dillalanmu sun san sana'arsu ƙwarai, kuma ba na raina kiran wayar da suke yi wa mutanen gida kafin a yi lodi, sai dai kowane dillali labarin motocinsa kawai ya sani, abin da ya sani ɗin ma a kansa yake, kuma ranar da ya bar kasuwa ya tafi da shi. Da ƙungiyar kasuwa tana rubuta yawan motocin da suka shigo kowace rana, da garin da suka fito, da farashin kwando da safe da yamma, da yawan abin da ya lalace, da kuɗin da aka karɓa a shingayen hanya, cikin shekara biyu ko uku za a ga makonnin da kaya suke yin yawa da waɗanda suke yankewa, a tsara lodi bi da bi, a kuma san lokacin da shanya tumatir a gida ya fi wa manomi riba a kan turo shi Kudu.

Waɗannan alƙaluma za su yi mana amfani a gaban hukuma. A ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kawo kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, farashin tumatir da nama ya tashi a Legas cikin 'yan kwanaki, kowa ya ga nauyin wannan kasuwanci. Amma an yi asara ta kowane ɓangare, manoman Arewa ma sun zubar da kaya. Shugaban da zai shiga ofishin kwamishina a Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jihar Legas take, riƙe da takardar da ta nuna motoci nawa ne suka shigo a wata da kuɗin shigar da aka biya, ya fi ƙarfin a sallame shi da alƙawari idan ya nemi ɗakin sanyi ko gyaran magudanar ruwa.

Na san abin da yake sa mutanenmu ɗari-ɗari, wato tsoron haraji da tsoron kada bayanansu su faɗa hannun da bai dace ba. Tsoro na biyu yana da hujja, domin mun ga yadda wasu manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi suna aika wa danginsa saƙon tozarci. Sai dai tun watan Yunin 2023 akwai Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da hukumar da ake kai ƙara gare ta, kuma rubutun da nake ba da shawara ba ya buƙatar sunan kowa, jimilla kawai ake so. Batun haraji kuwa, ai muna biya tun daga hanya har bakin kasuwa, sau da yawa ba tare da rasit ba, kuma sai an rubuta ne za a iya nuna cewa an karɓa sau biyu.

Shawarata ita ce a fara da ɓangaren tumatir na Mile 12, a ɗauki matasa biyu ko uku daga cikin 'ya'yanmu da suka yi karatu, a zaunar da su a ƙofar kasuwa da waya, a riƙa biyansu daga kuɗin ƙungiya, sannan kowace Juma'a a tura wa manoma da masu lodi na gida taƙaitaccen bayanin mako da Hausa ta WhatsApp.

Naka,
Wani mai karatu daga Agege, Legas