Maganin sikila na gyaran ƙwayar halitta: a bayyana wa iyaye yadda abin yake

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi ƙarin haske kan labarin da ake ta yaɗawa cewa an gano maganin da ke warkar da sikila. Labarin gaskiya ne. Sai dai yadda ake ba da shi ya sa mutane da yawa sun ɗauka wata allura ce da za a yi wa yaro ya tashi garau, alhali abin ya fi haka nisa. Abin da nake tsoro shi ne iyaye su zura ido ga maganin da ba zai zo musu nan kusa ba, su yi sakaci da wanda ke kantin magani a unguwarsu.

Sunan maganin Casgevy. Hukumar magunguna ta Birtaniya ce ta fara amincewa da shi a Nuwamban 2023, ta Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba na shekarar, ga masu shekara 12 zuwa sama waɗanda ciwon ke yawan tasar musu. Shi ne magani na farko da aka yarda da shi wanda aka gina kan CRISPR, wata fasahar yanka da gyara ƙwayar halitta, wadda ta sa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka sami kyautar Nobel a 2020.

Domin a gane dabarar, sai an san inda cutar take. Sikila kuskuren harafi ɗaya ce a ƙwayar halittar da ke ƙera himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Idan iskar ta yi ƙaranci, wannan gurɓataccen himogulobin sai ya harhaɗe ya yi tsinke-tsinke, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai sikila kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Amma jariri mai sikila ba kasafai yake nuna alama ba a watanninsa na farko, domin yana ɗauke da wani nau'in himogulobin na ɗan tayi wanda ba ya harhaɗewa. Bayan haihuwa jiki yakan kashe wannan nau'in a hankali. A 2008 masu bincike a ɗakin gwajin Stuart Orkin da ke Boston suka nuna cewa wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A ce makunnin da ke kashe shi. To, Casgevy ba ya taɓa kuskuren sikilar ko kaɗan. Makunnin yake lalatawa a cikin ƙwayoyin da ke haifar da jini, sai himogulobin na ɗan tayi ya dawo ya cika ƙwayoyin, ya hana na sikilar harhaɗewa.

Ga yadda ake yin aikin, kuma nan ne labarin ke tsallakewa. Mara lafiya zai daina shan wasu magungunansa, a riƙa yi masa ƙarin jini na aƙalla mako takwas domin a rage jinin sikila a jikinsa. Sai a yi masa allurar plerixafor, wadda ke koro uwayen ƙwayoyin jini daga ɓargo zuwa cikin jijiya. Ba a amfani da allurar da aka saba yi wa sauran masu bayar da ɓargo, saboda tana tayar da ciwon sikila mai tsanani. Daga nan a haɗa shi da na'urar da ke tace jini tana tsame waɗannan ƙwayoyi. Sau da yawa zagaye ɗaya ba ya isa, domin ana buƙatar bayan gyara a sami aƙalla ƙwaya miliyan uku a kan kowane kilo na nauyinsa, ban da waɗanda za a ajiye ba a taɓa ba don gudun ko-ta-kwana. Ana aika ƙwayoyin zuwa masana'anta, kuma gyara da gwaji kan iya ɗaukar wata shida.

Mafi wuya shi ne mataki na gaba. Kafin a mayar da gyararrun ƙwayoyin dole a share tsohon ɓargon, yadda manomi ke share gona kafin shuka, kuma da busulfan ake yin sharar, maganin ciwon daji mai ƙarfi, na kwana huɗu. Bayan an ɗura sabbin ƙwayoyin mutum zai zauna mako huɗu zuwa shida a keɓantaccen ɗaki ba shi da garkuwar jiki. Baki da maƙogwaro su yi gyambo, gashi ya zube, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su faɗi. Zazzaɓin da a da fanadol zai ishe shi, a wannan lokaci yana iya kisa. Sannan busulfan yakan kashe haihuwa, mace da namiji. Shi ya sa a can ake daskarar da ƙwai ko maniyyi kafin a fara. Duk wanda ya san matsayin haihuwa a gidajenmu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma bai kamata a ɓoye ta ba.

Sakamakon kam ya yi kyau ƙwarai. A gwajin da hukumar Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da ciwon ya tasar musu da tsanani ba. Amma mutum ta farko mai sikila da aka yi wa aikin, Victoria Gray, a 2019 aka yi mata, don haka za a ci gaba da bibiyar waɗanda aka yi wa har shekara 15. Ɓarnar da cutar ta riga ta yi wa ƙashin ƙugu ko ƙwaƙwalwa ba ta komawa. Kuma wanda aka yi wa aikin zai iya gadar wa 'ya'yansa sikila, tunda ƙwayoyin jini kawai aka gyara. Kuɗin maganin kaɗai dala miliyan 2.2 ne, sama da naira biliyan uku a canjin 2025, ban da kuɗin asibiti. A ƙasar da aka ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, kowa na iya yin lissafin da kansa. Dashen ɓargo daga ɗan'uwa na jini, wanda aka fara yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ya fi kusa da mu, amma shi ma sai an dace da wanda nau'in ɓargonsu ya zo ɗaya.

Ga abin da nake so iyaye su riƙe. Dabarar dawo da himogulobin na ɗan tayi ba sabuwa ba ce. Akwai tsohon magani mai araha da ke yin wani ɓangare na wannan aiki, wato haidiroksiyuriya, wanda ake rubuta Hydroxyurea a jikin kwalinsa. Ba ya warkarwa, amma tun 1995 aka nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi a manya. An daɗe ana jin tsoron bai wa yaran Afirka shi saboda maleriya da rashin abinci mai gina jiki. Binciken REACH da aka yi kan yara sama da 600 a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, wanda aka wallafa a 2019, ya kawar da wannan tsoro: tashin ciwo da ƙarin jini da mace-mace duk sun ragu, har maleriyar ma ta ragu da kusan rabi.

Wanda ya fi shafarmu shi ne binciken SPRING, domin a Kano da Kaduna aka yi shi, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu sikila kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Ana iya hango haɗarin da wata na'urar sauti da ake ɗorawa a gefen kai tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba huda ba zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi masa duk wata, abin da ma'ajiyar jininmu ba za ta iya ɗauka ba. Masu binciken suka ba yara 220 masu irin wannan sakamako haidiroksiyuriya, wasu miligiram 10 a kan kowane kilo, wasu 20. Yawan shanyewar jikin ya faɗi ƙasa sosai a rukunin biyu, kuma masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. An wallafa wannan a 2022. A ganina wannan binciken ya fi Casgevy cancantar shafin farko a jaridun Arewa, amma kaɗan ne suka ji labarinsa.

Inda ake samun matsala da maganin sananne ne. Da nauyi ake auna shi, don haka a lissafin miligiram 20 a kan kowane kilo, yaro mai kilo 25 kafso ɗaya mai miligiram 500 zai sha a rana, mai kilo 15 kuwa 300 yake buƙata, kuma idan babban kafso kaɗai ke kasuwa sai iyaye su shiga buɗewa suna kintace. Wannan aikin mai haɗa magunguna ne. Idan yaro ya ƙara nauyi dole a sake lissafi. Yana iya danne ɓargo, saboda haka ana ƙirga ƙwayoyin jini duk wata a farko, daga baya duk wata biyu ko uku, a dakata idan fararen ƙwayoyi sun yi ƙasa. Amfaninsa ba ya bayyana sai bayan wata uku zuwa shida, kuma kullum ake sha, ba sai ciwo ya tashi ba. Da yawa kan bari a wata na biyu su ce bai karɓe su ba. Farce na iya yin duhu, wannan ba abin damuwa ba ne. Mai juna biyu ko mai neman ciki sai ta sanar da likita tukuna.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an san yaron na da cutar da wuri. Saifar mai sikila tana lalacewa tun yana ƙarami, shi ya sa ake ba shi penisilin sau biyu a rana daga wata biyu ko uku har ya kai shekara biyar, matakin da aka nuna a 1986 yana rage mummunar cutar jini da kashi 84 cikin ɗari. Yanzu akwai kayan gwaji na ɗigon jini, irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu ba da sakamako cikin minti goma ko ƙasa da haka, ba wuta ba firji, kuma ana iya yi ranar rigakafin farko.

Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 mataki ne mai kyau, amma ingancin gwajin ne zai sa ta yi amfani. Gwajin da ake zuba jini a ruwan magani a ga ko zai yi gurɓi ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin nau'in C, alhali SC ma sikila ce. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce zai iya fitowa AS alhali SS ne. Ina kira ga ma'aikatun lafiya su tantance ɗakunan gwajin da za a karɓi takardarsu, su saka haidiroksiyuriya mai miligiram 100 cikin magungunan da inshorar lafiya ke biya, su kuma kai na'urar auna jijiyoyin kai kowane babban asibiti, a riƙa duba kowane yaro mai SS sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Kano