Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya: a sa fatarmu cikin littattafan koyon aikin likita

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah Ya taya ku riƙo.

Ina rubuto muku daga Maradi a kan hotuna da zane-zanen da ke cikin littattafan da ƴaƴanmu ke koyon aikin likita da jinya da ungozoma. Na daɗe ina koyar da masu shirin zama malaman asibiti, kuma yawancin littattafan da ke shigowa hannunmu daga Faransa suke, ko kuma an kwafo su daga na can. In ka buɗe shafin baƙon dauro, bayan ɗan Bature za ka gani, fari fat, da jajayen ƙuraje baro-baro.

Ɗalibi ya haddace wannan, ya ci jarrabawa, a tura shi wata cibiyar lafiya a Dakoro ko Mayahi. Uwa ta kwanto yaro daga goyo, jiki zafi rau, ido ya yi ja, ga tari ga majina. Jan da ya haddace ba zai gan shi a jikin yaron nan ba. A baƙar fata ƙurajen kan fito da duhu-duhu, sau da yawa hannu ke riga ido ganewa: ka shafa goshi da bayan kunne ka ji gurza-gurza, sannan ka buɗe baki ka nemi ƴan fararen ɗigo a cikin kumatu. Tsofaffin ma'aikata sun san haka, kakannin yara ma sun sani. Sabon hannu kuwa yana iya cewa zazzaɓin cizon sauro ne ya sallame su, yaro ya koma cikin ƴan'uwansa, alhali cutar na iya kama 9 cikin 10 na waɗanda suka zauna da shi in ba su da rigakafi.

Sanƙarau ma haka. Ba mu manta 2015 ba, lokacin da ya kama sama da mutum 8,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 500. Akwai ɗigon jini da kan fito a fata idan ƙwayar ta shiga jini, alamar cewa sa'o'i kaɗan suka rage a ceci rai. Littafi na nuna shi a farar cinya. A jikinmu sai an duba tafin hannu da na ƙafa, da cikin fatar ido, da ganɗa. Yaron da numfashi ya gaza masa, littafi ya ce zai yi shuɗi. Namu toka-toka leɓensa da dasashinsa ke yi.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A 2018 wasu masu bincike sun ƙirga hotuna sama da 4,000 a manyan littattafan da ake koyarwa da su a makarantun likitanci na Amurka, suka tarar baƙar fata ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. A 2020 wani ɗalibi ɗan asalin Zimbabuwe, Malone Mukwende, da ke karatu a Landan, ya haɗa kai da malamansa suka fitar da ɗan littafin alamomin cututtuka a baƙar fata. A ƙarshen 2021 kuma zanen da Chidiebere Ibe ɗan Najeriya ya yi na baƙin jariri a cikin mahaifar baƙar mace ya zagaye duniya ta intanet, har likitoci da dama suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ɗalibai ne fa suka yi wannan, ba gwamnatoci ba.

Sai dai ko an kawo mana aikinsu kaf, akwai abin da sai mu za mu zana da kanmu. Ga misali ƙarancin jini, wanda ya yi katutu a wurin mata masu ciki da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar cewa a duba tafin hannu a ga ko ya yi fari, kuma dabara ce mai kyau. To, amaryar da ta zo awon ciki hannu da ƙafa sun sha lalle fa? Ka ja fatar ido ƙasa, nan ma kwalli ya yi raɗau. Dole ɗalibi ya saba da duba harshe da dasashi, kuma ya taɓa ganin yadda suke a hoto. Ga masu shafa man bilicin, da fatarsu ta yi dabbare-dabbare har ta ɓoye wata cutar. Ga tsagar wanzami a ciki ko a ƙirji, wadda ke gaya wa mai lura inda ciwo ya daɗe yana damun mutum. Ga gashin yaro mai tamowa da ke yin ja ya yi laushi. Mai zane a Faris bai san da waɗannan ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Kada kuma mu maimaita kuskurensu mu zana launi ɗaya. Nijar akwai baƙi wuluk, akwai wankan tarwaɗa, akwai farare cikin Buzaye da Fulani da Larabawa, ga zabiya da rana ke jawo musu ciwon dajin fata.

Roƙona shi ne ma'aikatarku ta kafa rumbun hotuna da zane na ƙasa, na cututtuka kamar yadda suke bayyana a jikin ƴan Nijar. Maradi na da abin da za a fara da shi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na da tsangayar ilimin lafiya, ga babban asibitin birni, ga asibitin Danja da ya shekara da shekaru yana kula da masu kuturta, inda ma'aikata suka san farin tabon farko da ba ya jin taɓi, wanda in an gane shi da wuri magani ke tsayar da cutar tun yatsu ba su lalace ba. Ilimin nan yana kan mutanen da ke dab da ritaya.

A yi shi da ladabi. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa ko ta iyayensa, a rufe fuska, kada ya fita zuwa WhatsApp. Inda al'aura take, ko inda mace ba ta yarda da hoto ba, a sa mai zane ya zauna da likita. Matasan da ke zana allunan shaguna a garin nan, in an horar da su, za su iya. Daga nan a buga a littattafan makarantun lafiya, da allunan bangon cibiyoyi, da ƴan takardun da masu wayar da kai ke yawo da su ƙauyuka, da bayani cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu.

Na san za a ce wanda ba shi da magani a kanti, ina shi ina zane. Gaskiya ne magani na gaba. Amma maganin da aka ba yaro a kan cutar da ba ita ke damunsa ba, shi ma asara ce daga wannan kantin. Idan ma'aikata ta amince, a fara da baƙon dauro da sanƙarau kafin zafin bazara ya shigo, tunda lokacinsu ke nan.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin koyar da aikin jinya, Maradi