Godiya Ga Masu Kula Da Filin Tashin Ƙananan Jirage Na Kulob Ɗinmu a Indiyana

Zuwa ga shugaban kulob, da jami'in kiyaye haɗari, da dattawan da ke koyarwa ranar Asabar, gaisuwa da fatan alheri.

Na riga na yi muku godiya baki da baki da Turanci, amma abin da ke raina bai fita duka ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da Hausa, na kuma bayyana shi a fili don iyaye 'yan uwana mazauna Amurka su san irin mutanen da ke riƙe da wannan wuri.

Babban yarona yana da shekara 12 ya fara maganar jirgi mai rimot, ba dare ba rana. Ban yi mamaki ba, don a Kano na taso ina ganin yayyena suna fere karan dawa suna haɗa mota da jirgi. Sai dai jirgin kara ba ya yanka yatsa. Wannan kuwa farfelarsa na juyawa sau dubbai a minti ɗaya, batirinsa kuma na iya kamawa da wuta. Wata biyu ina hana shi, har mahaifinsa ya ce mu je mu gani da idonmu tukuna.

Ranar farko, gaskiya, raina ya ɗan sosu. Yaro ya fita daga mota da gudu ya nufi titin jirgin, sai wani dattijo mai farar hula ya ɗaga hannu ya tsayar da shi a bakin shinge. Na ɗauka tsawa zai yi. Sai ya durƙusa daidai tsayin yaron, ya nuna masa yadda filin ya kasu: bayan shinge na 'yan kallo ne, gabansa wurin haɗa jirage da gyara, gaba kuma ga tsayuwar matuƙa, kowa da gurbinsa, sannan layin da jirgi ba ya taɓa ƙetarowa ta ɓangaren mutane. Ya ce masa duk ranar da ya iya faɗin dalilin kowane layi da bakinsa, ranar zai ƙetare shingen. A hanyar gida yaron bai yi maganar jiragen da ya gani ba, layukan yake ta maimaitawa.

Ku ne kuka zauna da ni kuka warware mini takardun da suka rikita ni. Jarrabawar TRUST ta kiyaye haɗari ga masu tashin ƙananan jirage don nishaɗi, da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fito da ita a 2021, wadda ake yi kyauta a intanet. Rajistar duk jirgin da nauyinsa ya haura giram 250, dala 5 na shekara uku, da rubuta lambar a jikin jirgin ta waje. Da yake yaron bai kai 13 ba, da sunana aka yi. Kun kuma bayyana mini dalilin shiga AMA, ƙungiyar masu tashin ƙananan jirage ta Amurka, wadda aka kafa tun 1936 mai hedikwata a Muncie, nan cikin jiharmu, da inshorarta ta dala miliyan 2.5 idan jirgin mutum ya yi wa wani ɓarna. Ba wanda ya nuna gajiya da tambayoyina, kuma na yi su da yawa.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne rimot biyu da ake haɗawa, ɗaya a hannun malami, ɗaya a hannun ɗalibi. Malami na riƙe da maɓalli. Da jirgi ya fara karkata, sai ya saki yatsa, tuƙi ya dawo hannunsa nan take. Wajen wata uku yarona yana tashi a haka, bai taɓa sauka shi kaɗai ba. Yana ƙorafi a mota, ni kuwa ina hamdala a zuci.

Amma dalilin wannan wasiƙa shi ne abin da ya faru wata Asabar da rani, bayan an yaye shi. Ya zo sauka, iska ta bugo shi ta gefe, jirgin ya kifa da hanci can ƙarshen ciyawa. Ni da na san halinsa na tabbata zai ruga. Bai ruga ba. Ya ɗaga murya ya sanar cewa zai shiga fili, ya jira sauran matuƙa biyu suka amsa suka ɗaga jiragensu sama, sannan ya tafi tare da jami'inku. Da suka buɗe jirgin, batirin ya lotse ta gefe ɗaya, ya fara kumbura. Jami'in ya hana shi riƙewa, ya ɗauke shi da shebur ya kai bokitin yashin da kuke ajiyewa nesa da rumfa da motoci. Ba a daɗe ba farin hayaƙi ya turnuƙe, sai ga harshen wuta. Jikina ya yi sanyi, domin da a wani fili muke mu kaɗai, cikin jakar yaron batirin zai shiga, jakar kuma kujerar baya, kusa da ƙanwarsa.

Da ƙura ta lafa, jami'in ya zaunar da shi a benci. Bai yi masa faɗan karya jirgi ba. Ya fara da yaba masa kan sanarwar da ya yi da jiran da ya yi, sannan ya koya masa abin da har yau yake bi a gida: ba a cajin batirin LiPo, wato irin na jiragen nan, a bar shi ba mai gadi, ba a wuce bolt 4.2 a kowane gida na batirin, idan za a ajiye shi kwanaki a sauke shi zuwa wajen 3.8, wanda ya kumbura kuma an gama da shi. Yanzu cajinmu a gareji ake yi, a kan siminti, cikin jakar da wuta ba ta ci.

Daga ranar na fara lura da abubuwan da a da nake wucewa ban gani ba. Jakar da ke nuna inda iska ke kaɗawa, mai ruwan lemo, a kan dogon ƙarfe. Abin kashe gobara da akwatin taimakon gaggawa a rataye inda kowa ke gani, ga adireshin filin a rubuce da manyan baƙaƙe saboda mai kiran lambar gaggawa ta 911 kada ya tsaya inda-inda. Teburan da ke da sanduna biyu masu tare fukafukai, don jirgi kada ya ƙwace yayin tada inji. Yadda kowa ke kunna rimot kafin ya jona batir, kuma yake cire farfela in zai taɓa saiti. Ranar da ƙaramin jirgin feshin gona ya ratso ƙasa-ƙasa ta kan masarar maƙwabta, mutum ɗaya ya yi kira, kowa ya sauko da nasa, duk da cewa dama ba mai haura ƙafa 400. Wani mai furfura da ya fi shekara 40 yana wannan harka na ga yaro ɗan 15 ya tuna masa bai gwada nisan rimot ɗinsa ba, ya ce na gode, ya koma ya gwada.

Akwai kuma alherin da ba ya cikin dokokinku. Da kuka ga ina neman wurin sallar Azahar tsakanin motoci, matar ma'ajinku ta share mini gefen rumfa, tun daga ranar kuma ba a ajiye kaya a wurin. Ranar gashin nama kuka tambayi abin da muke ci, kuka ware mana wayar gashi daban. Na sani duk aikin nan na sa kai ne, har yankan ciyawar da ake yi kafin mu iso.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da tsawon kwana, ya tsare filin nan da duk mai shigarsa. Mun sa sunanmu a jerin masu gyaran shinge na wata mai zuwa. Mahaifinsa zai zo da kayan aiki, ni kuma zan zo da masa da zoɓo.

Taku,
Mahaifiyar ɗaya daga cikin ɗalibanku
Indiyana, Amurka