Wasiƙa daga Shikago: Golf, Blues da Gidajen Cacar Tunika

Shikago, Amurka

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara kunno kai.

Na ga saƙonka kana tambayar inda za ka buga golf idan Allah ya kawo ka baɗi, wurin da ba zai yashe maka aljihu ba. Ka yi tambaya a kan gaɓa, don a watan Oktoban nan abokan aikina suka ja ni Tunika, a jihar Misisipi, kimanin kilomita 50 kudu da Memfis. Irin hutun nan ne da ake sayar da shi a dunƙule: ɗakin otel, filin golf da safe, caca da dare, sannan a ce maka ga mahaifar blues, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, nan kusa. Farashin ne ya fara ba ni mamaki. Ɗakin da za ka biya kuɗi mai tsoka a kansa a Shikago, can a tsakiyar mako kusan kyauta ne. Ba karamci ba ne. Tsaba ce ake watsa wa kaza, mai otel ya san abin da ya rage maka a ɗaki zai karɓe shi a teburin caca har da riba.

Bari in fara da golf ɗin, tunda shi ne damuwarka. Mun buga a Tunica National, filin ƙaramar hukumar ne, an buɗe shi a 2004, Mark McCumber ne ya zana shi. Yankin nan da suke kira Delta shimfiɗe yake, ba tudu ba gangare, ƙasar da kogi ya daɗe yana zuba wa laka. Sai ka tsaya a ramin farko ka raina filin, ka ce wannan ai abin wasa ne. Iska ce ke hukunta mutum. Babu abin da ke tare ta, kuma tafkuna na nan gefe da gefe suna jiran ƙwallo. Kai da kake son ɗaga ƙwallo sama kana bin ta da kallo, sai ka koyi bugu ƙasa-ƙasa, in ba haka ba ka cika musu tafki. Ciyawar tana da kyau, ba a cunkoso, kuma ba wanda ke tsaye a bayanka yana duba agogo. A da akwai wani filin mai suna Cottonwoods da Hale Irwin ya zana, na gidan cacar Harrah's ne. Da gidan ya rufe a 2014, filin ya bi shi. Daga nan ka gane wanda ke ciyar da wani.

Tarihin wurin ya fi filin ɗaukar hankali. A shekarun 1980 Tunika na cikin yankunan da suka fi talauci a duk Amurka. Jesse Jackson, ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ya je a 1985, ya ga wata unguwar baƙaƙen fata da ake kira Sugar Ditch, inda kwatar ƙazanta ke bi ta bayan gidaje a buɗe, ya kira wurin Habashar Amurka, lokacin ana tsakiyar yunwar Habasha. A 1990 jihar ta halatta caca, da sharaɗin gidan ya kasance a kan ruwa. Na farko a Tunika, Splash, ya buɗe a 1992. Dabarar da suka yi ta ba ni dariya: zauren cacar yana kan jirgin dako da aka ɗaure a cikin ruwa, an lulluɓe shi da gini, an haɗa shi da otel, za ka shiga ka fita ba ka san ka hau jirgi ba. Kafin ka ce kwabo wurin ya zama na uku a harkar caca a Amurka, bayan Las Vegas da Atlantic City. Har yau in kana tafe cikin gonakin auduga sai ka hango benen Gold Strike mai hawa 31 tsaye shi kaɗai.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. Ambaliyar kogin Misisipi ta 2011 ta rufe gidajen duka na makonni, don duk suna tsakanin kogin da ganuwar ƙasa da ke tare ruwa. Jihohin maƙwabta kuma suka buɗe nasu, har da Akansas, wadda tsallaka gada kawai za ka yi daga Memfis. Yanzu za ka bi titi mai faɗi wanda aka yi don dubban motoci, ka yi nisa ba ka haɗu da kowa ba. Gaskiya kuɗin sun gina hanyoyi da makarantu, mutane sun sami aiki. Sai dai ka ɗan kauce daga babban titi ka shiga ƙauyuka, talaucin bai tashi ba.

Ni dai ka sani ba na caca, amma dole ka ratsa zauren kafin ka kai ɗakin cin abinci, haka aka tsara shi da gangan. Ba taga, ba agogo, asuba da la'asar duk ɗaya ne a ciki. Na tsaya kusa da wata tsohuwa, ga sandar dogarawarta jingine da inji, ga katin gidan ɗaure da igiya a wuyanta an soka shi cikin injin, tana danna maɓalli ba ta ko ɗaga kai. Ko da injin ya yi ƙara ta ci 'yan daloli, fuskarta ba ta canza ba. Wani abokin tafiyarmu ya yi mini lissafin faifan nan da ake juyawa: gida 38 ne, in ka dace a biya ka ninki 35. Wato a kowace dala 100 da aka zuba, komai daɗewa, mai gida na riƙe da biyar da 'yan kai. Shi da ya yi mini lissafin, shi ne ya kwana a teburin. Allah ya kyauta.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin tafiyar ba yana Clarksdale, ƙasa da awa guda kudu a kan babbar hanya mai lamba 61. A nan ne ta haɗu da hanya ta 49, an kafa jita shuɗɗa a kan dogon ƙarfe, wai a mararrabar ce makaɗin blues Robert Johnson ya sayar wa Shaiɗan ransa don ya iya kiɗa. Tatsuniya ce, amma ka ga su ma ba su yarda da mararraba ba cikin dare. Mutumin ya mutu a 1938 yana da shekara 27, waƙa 29 kawai ya bari. A gidan tarihin Delta Blues akwai ragowar bukkar katako da mawaƙi Muddy Waters ya zauna a gandun Stovall, inda mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ya je ya naɗi muryarsa a 1941. Shekara biyu bayan nan Muddy Waters ya hau jirgin ƙasa zuwa garin nan da nake rubuto maka.

Noman kashi-mu-raba ne ya haifi wannan kiɗa. Bayan an 'yanta bayi, mai gandu ya ba ka gona da iri da abinci bashi daga kantinsa, da kaka a yi lissafi, shi ke riƙe da littafin, kullum kai ake bi. A 1944 a gandun Hopson, nan bakin Clarksdale, aka noma auduga aka tsince ta da inji tun daga shuka har girbi, daga nan aka daina bukatar hannun talaka, jama'a suka yi ta kwarara arewa. Bukkokin manoman nan yanzu an sa musu na'urar sanyaya ɗaki, masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi su kwana. Ban iya kwana a ciki ba, kuma ban ga laifin mai haya ba, garin ba shi da wani abin sayarwa da ya wuce tarihinsa.

Da dare muka shiga wani ɗan ƙaramin gidan kiɗa. Kada ka ce na kai ka majalisin malamai, ana shan giya a wurin, ni lemo na riƙe. Wani dattijo na zaune a kujerar roba, ya zura ɗan yatsansa cikin wuyan kwalba, yana jan sa a kan tsirkiyar jita. Sai ya rera baiti, ya maimaita shi, ya kawo na uku ya rufe, jitar kuma tana yi masa amshi da wani irin kuka. Wallahi tsigar jikina ta tashi, don kunnena ya san wannan lanƙwasar murya. Ba ni kaɗai na ji haka ba. Wani masanin kiɗa ɗan Austiriya, Gerhard Kubik, ya danganta salon Delta da kiɗan yankinmu na Sudaniyya, har da gogen Hausa. Yaran Delta ma da tsirkiya guda suke fara koyo, waya a kafe jikin bangon katako. Kai da ba ka gajiya da kukuma da kuntigi, na so a ce kana wurin mu yi musu.

A otel ɗinmu ma akwai makaɗa a gefen zauren caca, sun iya hannunsu, amma ƙarar injuna ta danne su, ba mai juyowa.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Tarwaɗa ce soyayya da garin masara, ga kuɓewa, ga wake irin namu. Ka dai riƙa tambaya kafin ka ci ganye ko wake, don sun saba jefa naman alade a tukunya. Masallatai kuwa akwai su a Memfis, Juma'a can za mu je.

Shawarata, ka zo a Afrilu ko Oktoba. Tsakiyar shekara zafi ne mai gumi, ga sauro. A Afrilu ne ake bikin kiɗa na Juke Joint a Clarksdale, ɗakuna na ƙarewa da wuri, don haka ka sanar da ni da zarar biza ta fito. Mu sauka a Memfis ko Clarksdale, mu buga rami 18 da safe a Tunika, mu yi gaba. In hali ya yi mu ƙarasa Indianola, inda gidan tarihin shahararren makaɗin blues B.B. King yake, kabarinsa ma na nan. Ba sai ka ɗauko sandunanka ba, ina da na aro. Kilishi kuma kada ka soma riƙo mini, kwastan za su ƙwace shi a filin jirgi. Yaji da kuka sun wadatar.

Ka gaida Hajiya da yara, ka duba mini Baba, ka gaida 'yan majalisa duka.

Wassalam,
Naka har kullum.